Kula da Mutane Kafin a Ƙirga Itatuwa

A shekarun 1970, a tsibirin Tasmaniya na ƙasar Ostireliya, Bill Mollison da wani ɗalibi mai suna David Holmgren suka tsara wata hanyar noma da zama wadda ake kira famakalca, suka fitar da littafinsu na farko a kanta a 1978. Manufarta a shirya gona da gida yadda za su riƙa ciyar da masu su shekara da shekaru ba tare da ƙasa ta gaji ba. Ginshiƙanta uku ne: kula da ƙasa, kula da mutane, da raba rara bisa adalci. Na biyun ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, domin itace ana iya ƙirga shi a sa a rahoto, gajiyar macen da ta wuni neman makamashi kuwa ba mai auna ta.

Manoman jihar Maraɗi ba su kira aikinsu famakalca ba, amma abin da ya faru a gonakinsu ya nuna nauyin wannan ginshiƙi. A farkon shekarun 1980 gonaki sun zama fili fetal. Iska na binne shuka da yashi, sai an sake shukawa. Mata na tafiya mai nisa neman itace, in ba su samu ba su ƙona kara da kashin shanu, wato abin da ya kamata ya zama takin gona. Ga kuma doka: itace na gwamnati ne, wanda ya sare ko reshe ma'aikatan gandun daji na iya cin sa tara. To me zai sa manomi ya raini abin da zai jawo masa fitina?

A 1983 Tony Rinaudo, wani ma'aikacin gona ɗan Ostireliya, ya lura cewa ƙananan tsiron da ake sharewa lokacin sassabe toho ne daga kututturan da saiwarsu ke raye. In aka zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi aka datse sauran, sabara ko kalgo ko gawo zai tashi da sauri. Wannan shi ne sassaben zamani. A yunwar 1984 aka riƙa ba mutane abinci su yi aikin, amma da rabon ya ƙare sai aka sare akasarin itatuwan. Mutanen ba su yi laifi ba. Aikin ne bai zama nasu ba tukuna.

Abin ya kankama ne sa'ad da manomi ya tabbata cewa itacen da ya raina nasa ne, zai iya sassabe reshe ya sayar, ya ba dabbobinsa 'ya'yan gawo da rani, matarsa ta samu itacen girki a bakin gona. Daga nan maƙwabci ya koya wa maƙwabci, har aka kiyasta cewa itatuwa wajen miliyan 200 sun dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. A ƙauyen Ɗan Saga da ke yankin Agye, kwamitocin da ke tsaron itatuwa sun haɗa da mata da makiyaya, domin wanda aka ware daga shawara ba ya ganin dalilin kiyaye ta.

Saboda haka duk mai shirin kawo dashen itatuwa ko lambun haɗin gwiwa ƙauye, ko ƙungiya ce ko ƙaramar hukuma, ya fara zama da mutane kafin ya sayo iri. Ya tambayi wa zai yi ban-ruwa a watan bazara, kuma daga wace rijiya. In yara mata ne za su bar makaranta su ɗebo, a sake lissafi. A san wa zai ci 'ya'yan itacen in sun nuna, a kuma duba ko shingen da za a yi zai toshe burtalin da shanu suka saba bi zuwa mashaya.