Kada A Yi Wa Faifan Nan Fomatin

Na gaji da jin wata shawara daga bakin wasu masu gyaran kwamfuta. Mutum zai kawo tsohon faifan fulofi, a ciki akwai kundin digirinsa ko kiɗan da ya adana daga fiyanon Yamaha, a sa shi a Linux ya ƙi buɗewa, sai kawai a ce masa: "Ai ya mutu, a yi masa fomatin." Haba! Wannan ai ƙona rumbu ne don a kashe ɓera. Fomatin yana share teburin da ke nuna inda kowane fayil yake, wani ma yana goge faifan gaba ɗaya.

Sau da yawa faifan lafiyarsa lau. Fulofi ba shi da teburin rabe-rabe irin na filas ko babban faifan kwamfuta. A fulofin PC na yau da kullum, tsarin FAT12 ne ya shimfiɗu tun daga yankin farko har zuwa na 2,880, kowanne bayit 512. Don haka idan na'urar karantawar ta USB ce, Linux zai ba ta suna kamar /dev/sdb, wanda ya rubuta /dev/sdb1 kuwa yana neman abin da babu. Idan ta cikin kwamfuta ce, sunanta /dev/fd0, kuma ba ta sanar da cewa an sa faifai, sai ka umarce ta da kanka: mount -t vfat. Wani lokaci ma sai an fara da modprobe floppy. Umarnin dmesg zai nuna maka sunan da aka ba ta.

Akwai kuma faifan da ba na wannan gida ba ne. Na tsohuwar Macintosh mai 800K da na Amiga mai 880K, na'urar PC ta yau da kullum ba ta iya karanta su ko da sabbi ne fil. Ƙura da danshi ma suna tasu ɓarnar.

Abu na farko, tura ɗan makullin da ke kusurwar faifan har ramin ya buɗe, ta haka babu abin da zai iya rubutu a kansa. Sannan a kwafe shi ɗungurungum da ddrescue zuwa fayil guda. Cikakken kwafin fulofin PC na yau da kullum bayit 1,474,560 ne. Duk wani gwaji a kan kwafin za a yi, domin kowane juyi yana ƙara cinye faifan, kuma tun 2011 Sony ta daina ƙera su. Umarnin file zai faɗi tsarin da ke ciki, mdir da mcopy na mtools kuma suna fito da fayiloli daga kwafin ba tare da an yi mount ba. Ko da teburin FAT ya lalace, faifan yana ɗauke da kwafi biyu, fsck.fat na iya gyara ɗaya da ɗan'uwansa.