Wankin fim: Gidajen da ke mayar da dodon hoto da waɗanda ba sa mayarwa

Bayan shekaru ana ganin kamar zamanin ɗaukar hoto da fim ya shuɗe, matasa a Amurka da Turai da Japan sun sake rungumarsa, har ta kai ga kamfanin Leica ya dawo da kyamararsa ta M6 a shekarar 2022, shi kuma Pentax ya fito da sabuwar kyamara mai amfani da fim a 2024.

Sai dai da yawa daga cikin sababbin shiga wannan harka suna cin karo da wata matsala da iyayensu ba su san ta ba. Mutum zai kai fim wanki, a miƙo masa hotuna a takarda ko a aiko masa da su ta intanet, amma dodon hoton ba ya dawowa. Sau da yawa kuma ba ya sanin haka sai bayan an riga an zubar da shi.

Dodon hoto shi ne zirin fim ɗin da ya zauna a cikin kyamara, bayan an wanke shi da sinadarai. A jikinsa fari ke komawa baƙi, baƙi kuma fari, wanda ya sa fuskar mutum ke fitowa da ban tsoro, kuma daga nan sunan ya samo asali. Shi kaɗai ne abin da hasken ranar da aka ɗauki hoton ya taɓa. Duk wani hoto na takarda ko na kwamfuta kwafi ne da aka ciro daga gare shi.

Yadda aka zo nan

A shekarar 1976 kamfanin Noritsu na Japan ya fito da wata na'urar wankin hoto da ba ta buƙatar babbar masana'anta. Irin waɗannan na'urori ne suka haifar da shagunan wankin hoto cikin sa'a guda da suka bazu a duniya a shekarun 1980 da 1990. A wancan lokaci ba a ma tambaya: ambulan ɗin hotuna na zuwa ne da dodon a wani aljihu na gaba, an yayyanka shi an jera.

Zuwan kyamarar dijital, wadda wani injiniyan Kodak mai suna Steven Sasson ya fara haɗawa a 1975, shi ya rusa wannan tsari. AgfaPhoto na Jamus ya durƙushe a 2005. Konica Minolta ya fice daga harkar hoto a 2006. Shi kansa Kodak ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi a watan Janairun 2012.

Da ciniki ya ja baya, manyan shagunan Amurka irin su Walgreens da CVS da Walmart suka riƙa kwashe na'urorin daga rassansu, suka koma tattara fina-finan jama'a suna aikawa wata cibiya mai nisa. A can ake wanke fim, a yi masa sikanin, a turo hotunan reshe ta intanet a buga su, a haɗa da faifan CD. Mayar da dodon na nufin ma'aikacin da zai yanka shi, da leda, da mota ta biyu da za ta dawo da shi, don haka aka daina. An rubuta hakan a sharuɗɗan aikin, amma ba kowa ne ke karanta ƙananan rubutun da ke jikin ambulan ba.

Wannan ya fi shafar masu amfani da kyamarar nan ta roba da ake yarwa bayan an gama, wadda Fujifilm ya fara sayarwa a 1986, kuma har yanzu ake rabawa a wuraren biki. Da yawa ba su san cewa fim ne na yau da kullum mai faɗin milimita 35 a cikinta ba, balle su nemi dodonsa.

Abin da ake asara

Firam ɗaya na irin wannan fim milimita 24 ne da 36, amma bayanin da ke cikinsa ya fi abin da sikanin mai araha ke cirowa nesa ba kusa ba. Mafi ƙanƙantar sikanin da ake bayarwa bai cika wuce ɗigo miliyan ɗaya da rabi ba, wanda ya isa a kalla a waya ko a buga ƙaramin hoto na album. Na'urar Noritsu HS-1800, da gidajen wanki da dama ke amfani da ita, na iya ciro kusan ɗigo miliyan 30 daga wannan firam ɗin. Wanda aka zubar wa dodo ya tsaya ke nan a kan ƙaramin, ko da kuwa hoton mahaifiyarsa ne na ƙarshe.

Akwai kuma batun launi. Fim mai launi ba ya faɗa wa na'ura yadda fatar mutum take. Na'urar ce ko mai sarrafa ta ke yanke hukunci. Inda aka bar na'ura ta yi aikin ita kaɗai, sau da yawa fuskar baƙar fata na fitowa da duhu fiye da kima, musamman in mutum na sanye da fararen kaya ko yana tsaye cikin rana. Galibi bayanin fuskar yana nan a jikin dodon, sake sikanin kawai ake buƙata. In babu dodon, gyaran da za a iya yi kaɗan ne.

Tarihin ɗaukar hoto cike yake da misalan darajar wannan ɗan ziri. A watan Disamban 2007 wasu ƙananan akwatuna uku suka isa Cibiyar Hoto ta Ƙasa da Ƙasa da ke birnin New York daga Meziko. A cikinsu akwai dodon hoto kimanin 4,500 na yaƙin basasar Sifaniya, waɗanda Robert Capa da Gerda Taro da David Seymour suka ɗauka, aka kuma fid da rai da su tun 1939. A ɗaya ɓangaren, dodon hoto kimanin 40,000 na iyalin shugaba Kennedy da Jacques Lowe ya ɗauka sun salwanta a ma'ajiyar wani banki da ke Cibiyar Kasuwanci ta Duniya a harin 11 ga Satumban 2001. Abin da aka iya farfaɗowa daga baya, daga ƙananan hotunan gwaji ne da aka buga a takarda.

Misalin da ya fi kusa shi ne na Seydou Keïta na Bamako, wanda ya buɗe gidan hotonsa a 1948. Abokan cinikinsa ƙananan hotuna suke karɓa su tafi, shi kuma ya adana dodon a akwatuna. A 1991 aka baje wasu hotunansa a wani nuni a New York ba tare da sunan wanda ya ɗauka ba. Wannan ya sa wani Bafaranshe mai harkar fasaha, André Magnin, ya bi sawu har Bamako, inda ya tarar da dubban dodon hoto a hannun dattijon. Daga su aka buga manyan hotunan da suka zagaya duniya, har zauren Grand Palais na birnin Paris a 2016. Bayan rasuwarsa a 2001 an daɗe ana taƙaddama kan wanda ya mallaki wasu daga cikinsu.

Al'adar Keïta ita ce ta gidajen hoto na Najeriya da Nijar a da: mai hoto ke riƙe dodo, wanda ke son ƙarin kwafi ya dawo wurinsa. Dabarar kasuwanci ce, ba shakka, amma ta sa an adana. Matsalar ita ce da gidajen suka koma dijital ko suka rufe, ba kowa ne ya ga amfanin ajiye tsofaffin kwalaye ba. Iyalin da suka san tsohon mai hoton unguwarsu na raye ba su yi asarar komai ba in suka je suka tambaya.

Gane gidan wanki na kirki

Fim sau ɗaya ake wanke shi. In aikin ya ɓaci, babu zagaye na biyu. Kuma kusan duk gidajen wanki sun rubuta a sharuɗɗansu cewa in fim ya ɓace ko ya lalace a hannunsu, abin da za su biya bai wuce kuɗin wanki da sabon naɗin fim ba. Saboda haka tambayoyin da suka dace kafin a miƙa fim ake yin su.

Ta farko ita ce ko a nan ake wankin ko aikawa ake yi. Shagon da ke da na'ura a harabarsa ba shi da wani dalili na hana mutum dodonsa, kuma ma'aikacin zai iya faɗin irin na'urar da ranar da ake kunna ta. Shagon da ya ce a dawo bayan mako biyu ko uku, ya kuma kasa faɗin inda fim ke zuwa, dillali ne kawai.

Ta biyu ta shafi sinadarai, kuma a nan ne ake bambanta gwani da ɗan koyo. Kusan duk fim mai launi da tsarin C-41 ake wanke shi, wanda Kodak ya fito da shi a 1972. Ruwan farko dole ya tsaya a zafin digiri 37.8 a ma'aunin Salshiyos, fim kuma ya yi minti 3 da daƙiƙa 15 a ciki. Kaucewa kaɗan na sauya launi. Sinadaran kuma suna gajiya, abin mamaki ma sun fi saurin lalacewa a shagon da ba shi da ciniki, domin iska na kashe su in sun daɗe ba a sabunta ba. Ke nan layin jama'a a bakin kanta alama ce mai kyau. Gidajen da suka san aikinsu kan fara da wanke wani zirin gwaji na musamman, su auna shi da na'ura, kafin su taɓa fim ɗin kowa. Wanda aka tambaya game da zirin gwaji ya yi zuru, ya riga ya ba da amsa.

Fim baƙi da fari hanyarsa daban ce, haka fim ɗin silaid da ake wankewa da tsarin E-6. Ba kowane gida ke yin su ba, kuma jefa baƙi da fari na ainihi cikin ruwan C-41 na wanke hoton ne gaba ɗaya, a fito da ziri fayau. Shi kuwa Kodachrome, wanda aka fara sayarwa a 1935, babu inda ake wanke shi da launi yanzu. Gida na ƙarshe da ke yi, Dwayne's Photo da ke garin Parsons a jihar Kansas, ya daina karɓa a ƙarshen 2010.

Na'urorin ma iri-iri ne. Ƙananan na shago jan fim suke yi ta tsakanin tayoyi, kuma ƙwayar yashi ɗaya a kan taya na iya zana layi daga firam na farko har na 36. Manyan gidaje na rataye fim ne su tsoma shi daga tanki zuwa tanki ba tare da ya gogi komai ba. Wannan ya fi tsada, ko da yake ƙaramar na'urar da ake wankewa kullum ita ma tana aiki mai kyau. Hanya mafi sauƙi ta ganewa ita ce a fara kai naɗi ɗaya da ba a damu da shi ba, a ɗaga dodon sama a duba ko akwai karce ko tabon ruwa ko shatin yatsa, kafin a ba su hotunan aure.

Ga masu aikawa ta gidan waya, yawancin gidajen wanki masu zaman kansu suna mayar da dodo, sai dai wasu na cajin kuɗi daban, wasu kuma sai an zaɓi hakan a fom ɗin oda. Wasu na ajiyewa na kwanaki 30 ko 60 su zubar. Ba laifinsu ba ne kaɗai: a 2024 jaridar New York Times ta ba da rahoton yadda gidajen wanki ke fama da tulin dodon hoto da masu su ba su koma sun karɓa ba, bayan hotunan sun shiga wayoyinsu.

Wanda zai tsallaka da fim wata ƙasa don wanki yana da ƙarin abin lura. Na'urorin binciken kayan da ake sakawa a cikin jirgi suna lalata fim da ba a wanke ba, haka ma sababbin na'urorin CT da filayen jiragen sama da dama suka kafa don jakar hannu. Ana iya roƙon jami'ai su duba da hannu, amma ba ko'ina ake amincewa ba. Da zarar an wanke fim kuwa, waɗannan na'urori ba sa yi masa komai.

Bayan an karɓo

Dodon baƙi da fari azurfa ce a jikinsa, kuma zai iya wuce shekara 100 in an kula da shi. Mai launi rini ne kawai, domin an cire azurfar yayin wanki, kuma rini na koɗewa, musamman da zafi. Wannan ne ya sa a 2001 aka fara kwashe tarin hotunan Bettmann, kimanin miliyan 11, zuwa wata tsohuwar mahaƙa mai sanyi a ƙarƙashin ƙasa a jihar Pennsylvania.

A gida abin da ake buƙata bai kai haka ba. A riƙe dodo ta gefe, a saka shi a ledar da aka yi don hakan, ban da ledar PVC mai laushi da ke manne masa, a rubuta shekara da wuri, a ajiye a ɗaki mafi sanyi, nesa da rufin kwano da bangon banɗaki. A ƙasashe masu zafi raɓar damina ta fi ƙurar hunturu haɗari, domin ƙura ana hure ta, amma hunhuna cin fuskar fim take yi. Tsohon dodon da ya fara warin tsami kamar ruwan khal ya soma ruɓewa ne, kuma yana harbin na kusa da shi, don haka a ware shi daban a gaggauta yi masa sikanin.