Soke Tashin Jirgi: Haƙƙin Da 'Yan Kasuwar Adjamé Da Treichville Ke Bari A Filin Jirgi

Daga wakilinmu a Abijan

Ɗan kasuwar da zai iya barin rumfarsa a Adjamé ya hau gbaka har Abobo domin bin bashin jaka biyar, shi ne kuma za ka ga an soke masa tashin jirgi a filin Félix Houphouët-Boigny da ke Port-Bouët, ya ɗauki jakarsa ya koma gida yana cewa "Allah Ya sa haka ne mafi alheri", ba tare da ya nemi ko kwalbar ruwa daga kamfanin da ya karɓi kuɗinsa ba. Addu'ar dai babu laifi a cikinta. Amma yarda da ƙaddara bai taɓa hana Bahaushe bin bashi ba, kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, diyyar soke jirgi bashi ce da doka ta rubuta a kan kamfani.

Wannan sanyin jiki yana da asali. Idan mai karatu bai manta ba, shekaru arba'in harkar jirgin sama a wannan yanki tana hannun Air Afrique, kamfanin da ƙasashen Afirka goma sha ɗaya suka kafa da yarjejeniyar Yawunde a watan Maris na 1961, har da Nijar da Kwaddibuwa, aka kuma ajiye hedkwatarsa a unguwar Plateau a nan Abijan. Shi ke kai mutum Yamai da Kwatano da Dakar da Paris, shi ke ɗaukar alhazai zuwa Jidda. Da al'amura suka fara lalacewa, musamman bayan karya darajar sefa a 1994 wadda ta ninka nauyin bashin da ake binsa da kuɗin waje, sai masu bashi suka ƙwace masa jirage huɗu ƙirar Airbus a 1998. Daga nan jinkiri da soke tashi suka zama ruwan dare. A watan Janairun 2002 ya daina tashi, a Fabrairu aka bayyana karyewarsa, a Afrilu kuma kotu a Abijan ta ba da umarnin sayar da abin da ya bari.

To, idan kamfani ya mutu, mai tikiti a hannu yana can ƙarshen layin masu bin bashi, bayan ma'aikata da gwamnati da bankunan da ke riƙe da jingina. Kafin a zo kansa tukunya ta ƙare. Shekara ɗaya bayan haka Nigeria Airways shi ma ya daina tashi, sannan Air Ivoire ya bi su a 2011. Mutumin da ya ga waɗannan da idonsa, ba abin mamaki ba ne idan ya yanke cewa kai ƙarar kamfanin jirgi ɓata lokaci ne, ya kuma koya wa yaransa na kasuwa haka.

Sai dai kamfanin da ya mutu daban, kamfanin da ke da rai yana sayar da tikiti kullum daban. Kuma dokokin da ke kare fasinja a yau kusan duk bayan faɗuwar Air Afrique aka yi su. A shekarar 2003 majalisar ministocin UEMOA, ƙungiyar ƙasashe takwas masu amfani da sefa a Afirka ta Yamma, ta zartar da doka mai lamba 03/2003 a kan hana fasinja shiga jirgi da soke tashi da dogon jinkiri. Dokar ta shafi wanda zai tashi daga filin jirgin kowace ƙasa ta ƙungiyar, wato Abijan da Yamai da Kwatano da Lome duk ma'auni ɗaya ne. Bari in ƙara da cewa ficewar da Nijar da Mali da Burkina Faso suka yi a watan Janairun 2025 daga CEDEAO ce, ba daga UEMOA ba, saboda mutane kan haɗa biyun a kasuwa.

Abin da dokar ta ce a taƙaice shi ne, idan an soke jirgi, fasinja ne ke da zaɓi: ko a mayar masa da kuɗin tikitinsa, ko a saka shi a wani jirgin da zai kai shi inda ya nufa. Kafin nan abincinsa yana kan kamfani, haka nan ɗakin otal idan abin ya kai ga kwana. Ga wanda yake da tabbatacciyar kujera, ya zo a kan lokaci, amma aka hana shi shiga saboda an sayar da kujeru fiye da abin da jirgi ke ɗauka, dokar ta yanka kuɗi: sefa 100,000, wato jaka ɗari, ga mai ƙaramin tikiti a tafiyar da ba ta kai kilomita 2,500 ba, sefa 200,000 idan ta wuce haka, mai babban tikiti kuma a ninka masa. Daga Abijan zuwa Legas ko Yamai ko Dakar duk ƙaramar tafiya ce a wannan lissafi. Jidda da Dubai da Paris babba. Wanda aka soke wa jirgi ba a sanar da shi ba har ya iso filin jirgi da kayansa, a kan wannan ma'auni zai kafa hujjarsa.

Ga masu zuwa Turai saro kaya ko neman magani, akwai dokar da ta fi wannan haƙori, wato ta Tarayyar Turai mai lamba 261/2004, wadda ta fara aiki a watan Fabrairun 2005. Ta tanadi yuro 250 ko 400 ko 600 gwargwadon nisan tafiya, kuma tun da tsakanin Abijan da Paris ya haura kilomita 3,500, yuro 600 ne, kimanin sefa 393,000, ban da kuɗin tikitin da dole a mayar cikin kwana bakwai idan mutum ya fasa tafiyar. Amma a lura da wannan: idan daga Turai za ka taso, dokar ta hau kan kowane kamfani, idan kuwa daga Abijan za ka tashi zuwa Turai, sai kamfanin ya zama na Turai, kamar Air France ko Brussels Airlines. Haka kuma idan an sanar da kai soke jirgin da aƙalla mako biyu kafin ranar tafiya, babu diyya, sai zaɓin kuɗinka ko wani jirgi. Hajiyar da ke zuwa Dubai ko Guangzhou sarin atamfa da leshi da wayoyin salula, wannan doka ba ta shafe ta ba, tata ita ce ta UEMOA a lokacin tashi daga nan.

A Nijeriya kuwa hukumar NCAA ce ke da wuƙa da nama, kuma ƙa'idojinta na kare fasinja sun yanka kashi 25 cikin ɗari na kuɗin tikiti a tafiyar cikin gida, kashi 30 a tafiyar ƙasa da ƙasa. Wanda aka soke masa jirgin dawowa daga Legas ko Abuja ko Kano, can zai kai kukansa, kuma hukumar tana da jami'an karɓar koke a manyan filayen jirgi.

Kalmar da kowane kamfani ke fara jefa wa fasinja ita ce "abin ya fi ƙarfinmu". Wani lokaci gaskiya ne. Hazon hunturu da ke hana jirgi sauka a Kano ko Yamai ba laifin kowa ba ne. Haka rufe filin jirgin Abijan a rikicin watan Nuwamban 2004, da rufe iyakoki saboda cutar korona a watan Maris na 2020, da yajin aikin masu ba jirage hanya na hukumar ASECNA a watan Satumban 2022, da rufe sararin samaniyar Nijar a watan Agustan 2023. A irin waɗannan babu diyya, amma kuɗin tikitin da ba a yi tafiya da shi ba yana nan a matsayin haƙƙinka. Inda ake yi wa mutane wayo shi ne lalacewar jirgi. Kotun Tarayyar Turai ta yanke tun 2008 cewa matsalar inji irin ta yau da kullum ba ta cikin abin da ya fi ƙarfin kamfani, domin gyaran jirgi aikinsa ne. Mai motar da ta lalace a hanyar Bouaké ma ba ya cewa fasinja ne zai ɗauki asarar. Shi ya sa abu na farko da ya kamata mutum ya nema a kanta shi ne takarda mai tambarin kamfani da ke cewa an soke jirgi mai lamba kaza ranar kaza, saboda dalili kaza. Masu Faransanci suna kiranta "attestation d'annulation". Ma'aikaci ba ya son bayarwa, amma idan fasinjoji biyar ko goma suka tsaya tare cikin ladabi, ta kan fito.

Yanzu bari mu zo inda gizo ke saƙa, wato yadda mutanenmu ke sayen tikiti. Kaɗan ne daga cikin 'yan kasuwar Forum na Adjamé ko babbar kasuwar Treichville ke zuwa ofishin kamfani da ƙafarsu. Alhaji yana da yaronsa, yaron yana da ejan, ejan ɗin ma wani lokaci a hannun wani ejan yake yankowa. Ana biya da tsabar kuɗi ba rasit, tikitin ya zo a hoto ta WhatsApp. Lambar waya da adireshin imel da aka shigar a na'urar kamfani na ejan ne, ba na Alhaji ba. Saboda haka idan kamfani ya aika sanarwar soke jirgi kwana uku kafin tafiya, wayar ejan take shiga, shi kuwa yana can yana wata harkar. Bugu da ƙari, idan an amince za a mayar da kuɗi, ta hanyar da suka shigo suke komawa, wato asusun ofishin da ya yanki tikitin. Koke-koken da masu saurare ke kawo mana a gidan rediyo, da yawansu idan aka bi diddigi kamfani ya daɗe da biya, kuɗin suna kwance a hannun ɗan tsakiya, shi kuma kullum amsarsa "ba su saki ba tukuna". A Turai kotu ta yanke a 2017 cewa sanar da ejan kaɗai bai wanke kamfani ba idan labarin bai kai ga fasinja a kan lokaci ba, amma mutumin da ba shi da rasit, bai ma san sunan ofishin da ya yanka masa tikiti ba, da me zai fara?

Maganin wannan bai kai kuɗin shayi ba. Ka sa a rubuta lambar wayarka a cikin rajistar, ka karɓi rasit mai tambarin ofis, ka kuma duba lambar tikiti mai alƙaluma goma sha uku, domin akwai masu ba mutum takardar kama kujera kawai su ce tikiti ne. Da wannan lamba kowane ofishin kamfanin zai gaya maka ko an mayar da kuɗin, da ranar da aka mayar.

Wani tarkon shi ne takardar da suke kira "avoir", wato alkawarin tikiti nan gaba a maimakon kuɗi. Ga mai tafiya duk wata, ba laifi. Ga wanda ya tara kuɗin Umra shekara biyu, ko wanda bizarsa za ta ƙare, takarda ce kawai, sau da yawa mai wa'adin shekara ɗaya, kuma da zarar ya sa hannu ya karɓa, komawa neman tsabar kuɗi sai an sha wuya. Kada gajiya da hayaniyar filin jirgi su sa mutum sa hannu a kan abin da ba a karanta masa ba.

Akwai kuma tambayar da ta fi damun ɗan kasuwa: cinikin da ya kuɓuce fa? Kayan Sallah da ya kamata su iso kasuwa kwana goma kafin idi, suka zo bayan an sauko? A nan yarjejeniyar Montreal ta 1999 ce ke aiki, wadda Kwaddibuwa da Nijar da Nijeriya duk suka shiga. Ta ɗora wa kamfani biyan asarar da jinkiri ya jawo, amma da iyaka, wadda tun ƙarshen 2024 ta ɗan haura dalar Amurka dubu takwas ga fasinja, da kimanin dala dubu biyu ga kayan da ya auna. Ba a ba da wannan kuɗi haka kawai. Sai abin da ka tabbatar da takarda, kamar rasit na otal da na tasi da na sabon tikitin da ka saya dole. Ribar da kake sa ran samu tana da wuyar tabbatarwa a gaban alƙali. Idan jakarka ce ta lalace, kwana bakwai kake da su ka rubuta koke. Idan makara ta yi, kwana ashirin da ɗaya.

Hanyar neman haƙƙi a Abijan ba ta da wani sirri. Wasiƙa ce zuwa ga kamfani, da kwafin tikiti da katin shiga jirgi da rasit, a kai ofis a sa su buga tambari a kan kwafin da za ka riƙe. Idan an yi wata guda shiru, sai hukumar ANAC mai kula da sufurin jiragen sama, wadda ofishinta ke kan hanyar filin jirgi. Bayan ita sai Kotun Kasuwanci ta Abijan da aka buɗe a 2012. Kamfanoni sun san bambancin mai ihu a kanta da mai wasiƙa mai tambari, kuma sau da yawa ba a kai wa kotu.

Idan ma an kai, ana cin nasara, ko da yake sai da haƙuri. Wata ɗaliba 'yar Nijeriya da kamfanin Emirates ya hana shiga jirgi a Amurka a watan Disamban 2007, alhali tana da tabbataccen tikiti, ta bi shari'arta tun daga Babbar Kotun Tarayya a Legas har Kotun Ƙoli, wadda a 2019 ta tabbatar mata da kuɗin tikitinta da diyyar naira miliyan biyu da rabi. Shekara goma sha ɗaya ke nan, kuma ba kowane ɗan kasuwa ke da wannan lokacin ba. Amma wanda ke tunanin zuwa kotu a ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ya sani cewa wa'adinsa shekara biyu ne daga ranar da ya kamata jirgin ya sauka, kuma jiran amsar wasiƙa ba ya tsayar da wannan lissafi.