Me Ya Sa Gorar Ruwa Take Garau, Jarka Kuwa Dishi-Dishi?

Gorar ruwan sha da jarkar man gyaɗa duk roba ce, amma ɗaya ana hango abin da ke cikinta tar, ɗayar kuwa fara ce dishi-dishi ko da ba a zuba mata launi ba. Bambancin ya samo asali ne daga 'yan daƙiƙoƙin da narkakkiyar roba take yi tana hucewa a masana'anta.

Roba dogayen sarƙoƙin ƙwayoyin sinadari ce. Idan ta narke, sarƙoƙin a cuɗe suke, kowace ta kama gabanta. Da ta fara hucewa sai wasu sassansu su soma jeruwa a tsare, abin da masana ke kira kiristal. A 1957 Andrew Keller na Jami'ar Biristol ta Ingila ya nuna cewa sarƙar ninkuwa take yi, ta je ta dawo, har ta zama siririn falle. Fallayen nan su ke taruwa su yi ƙananan dunƙule masu watsa haske. Polietilin da ake yin jarka da shi yana da gaggawar jeruwa, ba a iya shan gabansa, har kashi 60 zuwa 80 cikin ɗari na jikinsa kan zama kiristal. Robar PET ta gorar ruwa kuwa nawa gare ta. In aka sanyaya ta da sauri, sai ta daskare tun dunƙulen ba su samu damar girma ba, haske ya riƙa ratsa ta.

To, yaya ake auna saurin abin da ido ba ya gani? Da zafi. Duk sa'ad da sarƙoƙi suka jeru, sai su saki ɗan zafi. A 1962 Watson da O'Neill na kamfanin Perkin-Elmer a Amurka suka ƙera na'urar da ake kira DSC. Ana sa ɗan gutsuren roba, miligiram 5 zuwa 10, a mitsitsin kwanon alminiyam, a ajiye wani kwanon da ba komai a gefensa. A narkar da robar, a sauko da ita da sauri zuwa wani mataki na zafi, a tsayar da ita nan, na'urar tana rubuta zafin da ke fita daƙiƙa bayan daƙiƙa. Daga nan ake gane lokacin da rabin aikin jeruwar ya kammala, adadin da injiniyan masana'anta ya fi damuwa da shi. PET, wadda ke narkewa wajen digiri 250, ta fi hanzarin jeruwa a kusa da digiri 170 zuwa 180. Sama da haka tsiron kiristal yana wuyar kafuwa, ƙasa sosai kuwa sarƙoƙin sun yi sanyin da motsi ke gagarar su.

Lissafin da ake fassara sakamakon da shi ya girmi na'urar. Kolmogorov na Tarayyar Sobiyet ya fitar da shi a 1937, Johnson da Mehl a 1939, sannan Melvin Avrami na Jami'ar Kolombiya ya faɗaɗa shi tsakanin 1939 da 1941, sunansa ne kuma ya fi bin lissafin. Ƙarafa ne a ransu, ba roba ba. Tunanin ya yi kama da yayyafi a kan kududdufi: kowane ɗigo ya yi da'ira, da'irori su yi ta faɗi har su ci karo da juna. Shi ya sa aikin ke farawa a hankali, ya yi sauri a tsakiya, ya lafa a ƙarshe.

Lissafin yana da kyau, amma ba a rungumarsa ido rufe. Bayan dunƙulen sun haɗu, roba kan ci gaba da jeruwa sannu a hankali a cikinsu, lissafin Avrami kuwa bai san da wannan ba. Ga kuma matsalar sauri: a ɗakin gwaji an saba sanyaya roba da digiri 10 ko 20 a minti, alhali a cikin injin zubi tana hucewa fiye da haka nesa ba kusa ba. Wannan giɓin ne ya sa masu bincike irin su Christoph Schick na Jami'ar Rostok ta Jamus suka duƙufa kan na'urori masu sanyaya samfuri da dubban digiri a daƙiƙa guda. A 2010 kamfanin Mettler Toledo ya fito da irinta kasuwa.

Masu niƙa tsofaffin gorori don sake sarrafawa ma abin ya shafe su. PET da aka sake narkarwa sarƙoƙinta sun gajarce, ga ɓurɓushin datti da kiristal ke kafuwa a kansa, don haka ta fi sabuwa saurin yin hazo. Mai sana'ar da ya wanke kayansa tas, ya busar da su sosai kafin narkarwa, shi ne zai fitar da roba garau mai daraja a kasuwa.