Kiristocin da Sarkin Khiva Ya Ba Mafaka

Ana shiga hunturun 1881, mutanen wani ƙauye mai suna Serabulak, tsakanin Samarƙandi da Buhara, suka wayi gari da baƙi a ƙofarsu. Turawa ne masu jin Jamusanci, cikin kekunan doki masu rumfa, ga mata ga yara, ga yunwa ga zazzaɓi. Dakarun Sarkin Buhara ne suka koro su, komawa baya kuwa daidai yake da miƙa samarinsu ga rundunar Rasha. Masu gari Musulmi ne, baƙin Kirista. Duk da haka aka sauke wasunsu a harabar masallacin Kyk-Ota, aka kuma yarje musu su yi ibada a ciki: Juma'a ta masu gari, Lahadi ta baƙi. A masallacin nan suka ɗaura aure, a nan suka yi wa matasansu baftisma, har kimanin wata tara.

Mennonawa ake ce musu, kuma gudun hijira gadonsu ne. Tushensu wata ƙungiya ce da ta ɓulla a Zurich ta ƙasar Suwizalan a 1525, wadda ta ce ba a yi wa jariri baftisma, sai baligin da ya zaɓa da kansa. Ba sa rantsuwa, ba sa ɗaukar makami ko da za a kashe su. Katolika da Furotesta, da ba sa ga maciji da juna, suka haɗa kai wajen farautarsu; a 1527 aka nutsar da jagoransu Felix Manz a kogin Limmat. Sunan da suke amsawa na Menno Simons ne, wani limamin coci ɗan Holan da ya bi su a 1536. Mai karatu a Adamawa ko kudancin Borno ya san danginsu: Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda ta faro a Garkida a 1923, ba ta Mennonawa ba ce, amma daga wannan reshe na ƙin yaƙi ta fito.

Daga Holan suka gangara Furushiya, daga nan Sarauniya Katarina ta gayyace su Rasha, suka fara sauka a 1789 bisa alkawarin ba za a sa 'ya'yansu aikin soja ba. Alkawarin ya riƙe har 1874, lokacin da Sarki Alezanda na Biyu ya wajabta aikin soja a kan kowa. Kimanin mutum 18,000 suka tattara suka tafi Amurka da Kanada. Akasarin waɗanda suka rage suka karɓi tayin gwamnati na aikin gandun daji a madadin bindiga.

Sai ga Claas Epp, wani manomi mai kaifin baki daga yankin kogin Volga. Ya duƙufa kan littafin Daniyel da Wahayin Yahaya, ya haɗa da wani ƙagaggen labari na Jamusanci, ya fito ya ce tashin duniya ya matso, kuma mafakar bayin Allah tana gabas, ba yamma ba. Gwamnan Rasha a Turkistan, Janar Kaufman, ya ce su zo. Tsakanin 1880 da 1881 ayari biyar suka kama hanya, iyalai fiye da ɗari, tafiyar watanni cikin daji da hamada. Sun binne yara da yawa a gefen hanya. Suna isa, aka kashe Sarki Alezanda, ciwon shanyewar jiki ya kwantar da Kaufman, alkawarin bakan da ya yi musu ya bi ruwa. Wasu suka haƙura suka zauna a kwarin Talas, cikin Kirgistan ta yau. Masu taurin kai suka nufi Buhara, abin da ya kai su Serabulak ke nan.

A 1882 Sarkin Khiva, Muhammad Rahim Khan na Biyu, ya ba su fili a Lausan, kusa da kogin Amu Darya. Suka ratsa hamada kan raƙuma, suka ƙarasa da jiragen ruwa, suka gina ɗakunan ƙasa. A nan aƙidarsu ta gamu da jarrabawa mafi tsanani. Mahayan Turkmen na yankin suka fara satar dawakai da dare. Da suka lura mutanen nan ba sa ramawa, sai suka daina ɓoyo, suna shiga gida su ɗauki abin da ransu ke so. Samari suka roƙi dattawa a bar su su nemi bindiga, dattawa suka ƙi. Wani dare aka kashe wani matashin magidanci, Heinrich Abrahams. Mutum na iya cewa wauta ce, kuma ba zan yi masa musu da ƙarfi ba; sai dai waɗanda suka baro gonakinsu don kada su harbi kowa, da wane ido za su dubi kaburburan 'ya'yansu in sun ɗauki bindiga a ƙarshen tafiya?

Jama'ar ta rabu. Wasu suka juya sai Amurka. Iyalai kusan arba'in da suka rage, sarki ya ɗauko su a 1884 ya zaunar da su a wani lambu mai katanga da ake kira Ak-Mechet, kusa da birnin Khiva. Ba tausayi ne kaɗai ba, Sarki ya ga gwanayen kafintoci, kuma yana so. Su suka shimfiɗa masa daɓen katako mai zane a fada, matansu na ɗinki, wani daga cikinsu, Emil Riesen, ya zama tafintansa.

Saura batun tashin duniya. Epp ya yanke rana: 8 ga Maris, 1889. Jama'a suka sa fararen kaya, suka yi azumi, suka taru suna duban sama tun safe. Rana ta faɗi, kowa ya koma gida. Hujjar da Epp ya kawo ita ce abin dariyar: wai agogon bangon da ya nuna masa shekarar a karkace yake rataye, da an miƙe shi 1891 zai nuna. Ita ma 1891 ta zo ta wuce. Maimakon ya yi shiru, sai ya ce shi ɗan Almasihu ne, na huɗu a kan Triniti. A nan jama'arsa suka ce ya isa, suka fitar da shi daga cocin. Ya rasu a 1913, kusan ba kowa tare da shi.

Su kuwa suka ci gaba da zamansu, shekara hamsin, da cocinsu da makarantarsu a tsakiyar Musulmi. Malamin makarantar, Wilhelm Penner, ya koya wa wani yaron Khiva, Khudaybergen Devanov, ɗaukar hoto. Yaron nan shi ake lissafawa a yau a matsayin mai ɗaukar hoto da fim na farko cikin Uzbekawa.

Sarautar Khiva ta faɗi a 1920, mulkin gurguzu ya shigo. A 1935 hukuma ta ce su narke cikin gonar gwamnati, suka ƙi. Aka kama shugabanninsu aka yanke musu hukuncin kisa. Da motoci suka zo kwasar iyalan waɗanda aka kama, matan ƙauyen suka tare hanya, wasu suka kwanta a gaban tayoyi, suna cewa ko a tafi da kowa ko a bar kowa. Aka janye hukuncin kisan, amma aka tafi da kowa ɗin: an kwashe ƙauyen kaf zuwa wani busasshen fili a kudancin Tajikistan, kusa da iyakar Afganistan. Devanov ma bai tsira ba, gwamnatin Stalin ta harbe shi a 1940.

A 2019 hukumomin Uzbekistan suka buɗe gidan tarihi na Mennonawa a cikin tsohuwar ganuwar Khiva, inda aka ajiye hotunansu da tufafinsu da kayan aikinsu.