Yadda kamfanin inshorar mota ke girma ta wayar salula, ba tare da dillali ba

Mai motar da ke zirga-zirga daga Tsamiya, a ƙaramar hukumar Bagudo ta jihar Kebbi, zuwa Segbana a Jamhuriyar Benin, ba ya buƙatar ganin ofishin kamfanin inshora kafin ya samu takarda. Zai shiga manhaja ko shafin kamfanin, ya sa lambar motarsa da ta shasi, ya biya ta banki, takardar ta iso masa a waya. Salon ba sabo ba ne: kamfanin Direct Line ya fara sayar da inshorar mota ta wayar tarho a Ingila tun 1985. Intanet ce ta kawo shi kusa.

Ribar farko tana cikin kamashon dillali. Dokar inshora ta 2003, kafin a soke ta a 2025, ta ƙayyade shi a kan kashi 12.5 cikin ɗari na inshorar mota. Tun 1 ga Janairun 2023, hukumar NAICOM ta mayar da kuɗin inshorar dole, wato wadda ke biyan diyyar ɓarnar da mota ta yi wa wani, daga naira 5,000 zuwa 15,000 ga motar gida. Ke nan, bisa wancan kason, kamfanin da ya tsallake dillali ya tsira da naira 1,875 a kowace takarda.

Sai dai kuɗin ba sa zama a aljihu. Aikin da dillali ke yi na nemo mai saye ya koma kan talla a Facebook da rediyo, da masu amsa waya, da injiniyoyin manhaja. Ga kuma diyya: rufin biyan ɓarnar dukiya a wannan takarda naira miliyan 3 ne, don haka haɗari ɗaya tak na iya lashe kuɗin motoci 200. Kuma tun da hukuma ce ta yanka farashin, ba a cin kasuwa da rangwame. Abin da ke riƙe kamfani shi ne mai mota ya dawo ya sabunta baɗi, domin saƙon tunatarwa kusan kyauta ne, nemo sabon mutum kuwa da tsada. Daga nan ake tallata masa cikakkiyar inshora, wadda ba ta gaza kashi 5 cikin ɗari na darajar motar ba. A nan kitsen yake.

Babban abokin hamayya a tashoshin mota shi ne mai buga takardar bogi da araha. Fasaha ta rage masa ƙarfi: ƙungiyar kamfanonin inshora ta Najeriya na da rumbun bayanai na NIID, inda ake duba lambar mota a askniid.org. 'Yan sanda kuma sun fara tilasta inshorar dole a faɗin ƙasa daga 1 ga Fabrairun 2025. Takardar da ba ta fito a rumbun ba, asara ce kawai.

A bakin iyaka akwai ƙarin abin jan hankali, wato katin Brown Card na ECOWAS, wanda aka ƙulla yarjejeniyarsa a Kwatano a 1982 domin biyan diyya idan motar wata ƙasa ta yi ɓarna a wata. Sanarwar NAICOM ta ce sabon farashin ya haɗa da shi. Ga direban Bagudo da ke iya buge babur a Segbana, wannan ya fi kowace talla ma'ana, muddin ya tabbatar an ba shi katin kafin ya tsallaka.

Inda gizo ke saƙar shi ne ranar haɗari. Manhaja na karɓar hoton motar da ta lotse cikin minti ɗaya, amma wanda zai tantance ɓarnar yana iya zama a Sakkwato ko Abuja, ga sabis na yankewa a ƙauyukan iyaka. Masu ƙyamar inshorar gargajiya saboda riba kuma suna da zaɓin takaful, kamar na Jaiz Takaful da Noor Takaful, inda ake raba wa mahalarta rarar asusun idan ta samu.