Manhajojin Injiniyanci da Zane a Kan Kwamfutocin Mac da Linux: Hanyoyi da Iyakokinsu

Tsakure

Manyan manhajojin da injiniyoyi da masu zanen gine-gine ke aiki da su, irin su SolidWorks da Revit da Inventor, an gina su ne domin babbar manhajar Windows kaɗai. Wannan maƙala ta yi bayanin dalilin da ya sa ba sa tashi a kan kwamfutocin Mac da Linux, ta kuma duba hanyoyin da ake bi a tafiyar da su, da abin da kowace hanya ke ci wa mai bin ta. Ta fi tsayawa a kan sauyin da kamfanin Apple ya yi a shekarar 2020, wanda ya toshe hanyar da a da ta fi kowace tabbas.

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin da ya samu gurbin karatun injiniyanci a Ingila ko Malesiya ko Masar yakan sayi kwamfuta tun kafin ya ga jadawalin darussansa. Sau da yawa MacBook yake saya, saboda daɗewar batirinta da rashin nauyinta. Sai zango ya yi nisa, malami ya ba da aikin zanen wani sashen inji a SolidWorks, sannan ya gano cewa manhajar ba ta da sigar Mac ko ɗaya. Haka abin yake ga mai bincike da ya saba da Linux saboda aikin lissafi, aka turo masa zanen gini a Revit. Asarar a nan ta kuɗi ce da ta lokaci, wani zubin kuma ta maki ko ta kwangila, domin zanen da ya lalace a hanya ba ya sanar da mai shi cewa ya lalace.

2.0 Tushen matsalar

Manhaja ba ta magana da gangar jikin kwamfuta kai tsaye. Idan tana son buɗe fayil, ko zana layi a fuskar kwamfuta, ko aika aiki ga na'urar buga takarda, roƙon babbar manhaja take yi, kuma kowace babbar manhaja tana da nata salon karɓar roƙo. Manhajar da aka rubuta da salon Windows, idan aka ajiye ta a gaban macOS, tamkar mai ƙara ne a kotun da ba a jin harshensa. Ƙarƙashin wannan kuma akwai bambanci na biyu, wato na furosesa, ƙwaƙwalwar da ke aiwatar da umarni. Furosesoshin Intel da AMD suna karanta jerin umarni da ake kira x86, na Apple na yanzu kuwa jerin Arm suke karantawa. Shingaye biyu ke nan, kuma kowace hanya da za a ambata a ƙasa ƙoƙari ce ta tsallake ɗaya daga cikinsu ko duka biyun.

Ba da Windows aka fara wannan sana'a ba. A shekarun 1980 manyan manhajojin zanen injiniyanci a kan manyan kwamfutoci da na'urorin Unix masu tsada suke aiki. AutoCAD, wadda kamfanin Autodesk ya fitar a 1982, ita ta kawo zanen kan ƙananan kwamfutoci. SolidWorks ta fito a 1995, kuma abin da ta yi tinƙaho da shi shi ne cewa domin Windows aka yi ta tun daga tushe. Kamfanin Dassault Systèmes na Faransa ya saye ta a 1997. Revit ma da Windows ta tashi, Autodesk ya saye ta a 2002. Shekaru kusan talatin na rubutun manhaja sun jingina da kayan aikin Microsoft, kuma a kan waɗannan manhajoji wasu kamfanoni suka gina dubban ƙananan manhajoji na ƙari. Kwance wannan ɗauri aiki ne mai cin dukiya, kamfanonin kuma ba su ga kasuwar da za ta biya shi ba. AutoCAD ce ta ɗan bambanta: an daina sigarta ta Mac a tsakiyar shekarun 1990, aka dawo da ita a 2010. Sai dai sigar Mac ba ta karɓar ƙarin da aka rubuta da .NET ko VBA, kuma Civil 3D, wadda masu zanen hanyoyi da magudanan ruwa ke dogara da ita, ba ta da sigar Mac.

3.0 Hanyar da ta rufe

A 2006 Apple ya koma amfani da furosesoshin Intel, a shekarar kuma ya fitar da Boot Camp. Da wannan manhaja ana raba rumbun ajiyar kwamfuta gida biyu, a girka Windows a ɗaya, mai kwamfuta ya zaɓi wadda zai shiga lokacin kunnawa. Da yake furosesan iri ɗaya ne da na sauran kwamfutoci, Windows tana samun gangar jikin gaba ɗaya, har da katin hoto, ba tare da wani ɗan tsakani ba. Aibinta ɗaya, sai an kashe an kunna kafin a sauya ɓangare. Shekaru goma sha huɗu injiniyoyi masu Mac suka yi suna rayuwa a kan wannan.

A watan Nuwamba na 2020 Apple ya fitar da kwamfutoci masu furosesan M1, na jerin Arm, kuma babu Boot Camp a kansu, haka ma waɗanda suka biyo baya. Shawarwari da yawa da ɗalibi zai ci karo da su a yau an rubuta su ne kafin wannan sauyi, ba su kuma da amfani ga sabuwar kwamfuta. Tsohuwar Mac mai Intel, irin wadda ake samu kwance a kasuwa, har yanzu tana ɗaukar Boot Camp, amma Apple ya sanar a 2025 cewa macOS 26 ce siga ta ƙarshe da za ta yi aiki a kan Intel. Mai Linux shi bai rasa wannan hanya ba: muddin kwamfutarsa ta Intel ce ko AMD, yana iya girka Windows a gefe, kuma wannan ita ce mafita mafi sauƙi a gare shi.

4.0 Kwamfuta a cikin kwamfuta

Hanya ta biyu ita ce a ƙirƙiri kwamfutar kwaikwayo a cikin ta gaske. Manhajoji irin su Parallels Desktop, wadda ta fito a 2006, da VMware Fusion ta 2007, da VirtualBox, suna yanko wani kaso na furosesa da na ma'adanar wucin gadi, wato RAM, su miƙa wa Windows, ita kuma ta ɗauka a kan kwamfutarta take. A Linux akwai KVM, wadda ta shiga zuciyar babbar manhajar a 2007, ana haɗa ta da QEMU.

A kan Mac ta zamani lamarin yana da hawa uku, kuma ya kamata a fahimce su. Kwamfutar kwaikwayo ba ta sauya jerin umarnin furosesa, don haka Windows da za a girka dole ta kasance sigar Arm. Microsoft ya amince da girka Windows 11 ta Arm ta hanyar Parallels a watan Fabrairun 2023. SolidWorks da Revit kuwa na x86 ne, saboda haka Windows ɗin ce ke fassara umarninsu zuwa Arm yayin da suke aiki. Wannan fassara tana tafiya fiye da yadda mutum zai zata, har ɗalibi ya iya zana ƙananan sassa ya haɗa su. Amma akwai abin da ba ta iya fassarawa, wato direbobi, ƙananan manhajojin da ke haɗa babbar manhaja da wata na'ura ta waje. Direban da aka rubuta domin x86 ba ya aiki a Windows ta Arm ko kaɗan. Idan lasisin manhaja yana cikin ɗan makullin USB ne, kuma kamfanin makullin bai fitar da direban Arm ba, to manhajar za ta girku amma ba za ta buɗe ba. Haka nan sassan SolidWorks da ke buƙatar rumbun bayanai na SQL Server suna ba da wahala, domin Microsoft bai tallafa wa SQL Server a kan Arm ba.

Sai batun katin hoto, wanda a ganin wannan maƙala shi ne babban cikas. Juya hoton inji mai sassa dubu a fuskar kwamfuta aikin katin hoto ne, kuma manhajojin suna aika masa umarni ta DirectX ko OpenGL. Apple ya daina ciyar da OpenGL gaba, ya bar ta a siga ta 4.1, ya kuma ayyana ta a matsayin wadda za a yi watsi da ita a 2018, ya koma kan nasa tsarin mai suna Metal. Ke nan Parallels sai ta fassara umarnin hoto zuwa Metal, fassara a kan fassara. Katin da Windows ke gani na kwaikwayo ne, ba ya cikin jerin katunan da kamfanin SolidWorks ya tantance, kuma lissafin da ya dogara da CUDA ta kamfanin Nvidia ba ya yiwuwa sam. A Linux akwai dabarar miƙa katin hoto na gaske kacokan ga kwamfutar kwaikwayo, wadda ke ba da gudu kusan na asali, sai dai tana buƙatar katin hoto biyu da gangar jikin da ta yarda da hakan, da kuma haƙurin daidaitawa da ba kowa ke da shi ba.

A ƙara da lissafin ma'adana. Sababbin sigogin SolidWorks da Revit suna neman gigabayit 16 na RAM su kaɗai. Mac mai gigabayit 8 ba ta da abin da za ta raba, mai 16 ma da ƙyar, kuma a kan kwamfutocin Apple na yanzu ba a ƙara RAM bayan saye. Kuskuren da aka yi a kanti ba ya gyaruwa a gida.

5.0 Wine da aiki daga nesa

Wine ta ɗauki wata hanya dabam. An fara ta a 1993, ba ta kai siga ta 1.0 ba sai 2008, kuma ba ta buƙatar Windows: tana karɓar roƙon manhaja da salon Windows ta mayar da shi salon Linux ko macOS. CrossOver ita ce sigarta ta kasuwanci. Ƙananan manhajoji irin su LTspice, ta gwajin da'irar lantarki, suna tafiya a kanta lafiya. Manyan manhajojin zane na zamani kuwa galibi tun a wajen girkawa ko wajen tantance lasisi suke tsayawa, kuma bai kamata a ɗora aikin da ke da wa'adi a kanta ba.

Aiki daga nesa ya fi wannan tabbas. Manhajar tana kan kwamfutar Windows mai ƙarfi a ɗakin gwaje-gwajen jami'a, ko a ofis, ko a wajen kamfanonin haya irin su Amazon da Microsoft, mai aiki kuma hotonta kawai yake gani a tasa kwamfutar. Jami'o'i da dama a Turai da Amurka suna ba ɗalibansu wannan dama, kuma ya kamata ɗalibi ya tambaya kafin ya kashe ko sisi. Sharaɗinta intanet mai tsayuwa. Ba yawan gudu ne ya fi muhimmanci ba, gajartar jinkiri tsakanin motsa hannu da motsin hoto ce. Wanda ya dawo hutu Kano ko Damagaram yana jan layi a kan kwamfutar da ke Landan zai ji wannan jinkiri a kowane motsi, kuma ɗaukewar wuta ko ta sabis tana yanke aikin nan take.

6.0 Sauya manhaja da batun fayil

Akwai masu ganin cewa duk wannan wahala ba ta da dalili, tunda akwai manhajojin da ba su damu da Windows ba. Archicad da Vectorworks a kan kwamfutocin Apple aka haife su tun shekarun 1980. Fusion da Rhino suna da sigar Mac. BricsCAD da FreeCAD da KiCad da MATLAB suna aiki a kan duka ukun, kuma FreeCAD, wadda kyauta ce, ta kai siga ta 1.0 a Nuwamban 2024. Onshape, wadda Jon Hirschtick, ɗaya daga waɗanda suka kafa SolidWorks, yana cikin masu kafa ta, a cikin burauza take aiki. Ga mai aikin kansa wannan hujja ce mai ƙarfi. Amma injiniya ba kasafai yake aiki shi kaɗai ba, kuma manhajar da ofis ko malami ya zaɓa ita ce doka.

A nan ne fayil ke shigowa. Akwai sigogin musaya da kowa ke karantawa: STEP domin sassan inji, IFC domin gine-gine, DXF domin zanen shimfiɗe. STEP tana ɗaukar siffar abu daidai, amma tana zubar da tarihin yadda aka gina shi. A SolidWorks, idan aka sauya faɗin rami ɗaya, duk abin da ya dogara da shi yana gyara kansa. Bayan an fitar da shi ta STEP, abin da ya rage dunƙule ne kawai, mai kyan gani, mai wuyar gyara. Malamin da ke duba yadda ɗalibi ya tsara matakan zanensa ba zai ga komai a cikinsa ba.

Akwai kuma wani abu da ya shafi masu rubuta Hausa kai tsaye. Fayil ɗin DWG ba ya tafiya da salon haruffan da aka yi rubutu da shi, sunansa kawai yake riƙewa. Idan kwamfutar da ta karɓa ba ta da wannan salo, sai ta musanya shi da wani, tsawon rubutu ya sauya, bayanan awo su hau kan layuka. Salon haruffan Mac da na Windows ba duka suka zo ɗaya ba, tsofaffin haruffan SHX na AutoCAD kuma ba su da ƙ da ɗ da ɓ. Taswirar gida da aka rubuta wa «ɗakin girki» da «ƙofar baya» tana iya isa hannun magini da alamar tambaya a gurbin harafin farko. Maganinsa a zaɓi salon haruffa na TrueType mai ɗauke da haruffa masu ƙugiya wanda duka kwamfutocin biyu suke da shi, a kuma haɗa kowane zane da kwafinsa na PDF da aka saka haruffan a ciki, domin mai karɓa ya samu abin da zai gwada fayil ɗin da shi kafin a kai ga tona harsashi.